Bututun iska a ƙarƙashin ƙasa: abin da yake iya yi wa gini da abin da ya fi ƙarfinsa

Zafin rana ba ya nutsewa cikin ƙasa da sauri. Saman ƙasar da rana ta daka a watan Afrilu yakan ƙona tafin ƙafa, amma da an haƙa rabin mita, bambancin dare da rana ya kusa ɓacewa. A zurfin mita biyu zuwa uku, abin da ya rage shi ne bambancin hunturu da bazara, shi ma ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma yana isowa a makare da kimanin wata biyu. Daga mita goma zuwa ƙasa kuwa zafin kusan ɗaya ne duk shekara, daf da matsakaicin zafin garin. Abin da ya sa ke nan ruwan rijiya ke da ɗumi da asubahin hunturu, ya kuma yi sanyi da azahar ɗin bazara. Ruwan yana nan yadda yake, iskar waje ce ke hawa da sauka.

A kan wannan aka gina dabarar binne bututun iska. Ana shimfiɗa bututu a zurfin mita biyu zuwa uku, baki ɗaya yana waje yana shaƙar iska, ɗayan yana cikin gini, fanka tana motsa iskar daga wannan baki zuwa wancan. Lokacin zafi iskar tana zubar da zafinta a jikin bututu, ƙasa ta shanye. Lokacin sanyi ƙasa ce ke ba iskar ɗumi. Ba kwamfireso, ba gas ɗin sanyaya, abin da ke cin wuta fanka ce kaɗai.

Dabarar ta daɗe. A birnin Yazd na Iran, an yi ɗaruruwan shekaru ana haɗa hasumiyar kama iska da magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa domin sanyaya ɗakuna. Salonta na zamani ya fi bunƙasa a Jamus, Ostiriya da Faransa. Gidajen da aka gina a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstadt a 1991, waɗanda suka zama abin koyi wajen gini mai ƙarancin cin makamashi, suna da bututu a ƙasa da ke ɗumama iska kafin ta shiga gida.

Iyakar da ƙasa ta gindaya

Duk tsawon bututu, duk tsadarsa, iskar da za ta fito ba za ta fi ƙasar da ke kewaye da shi sanyi ba. Nan ne masu kwaso lissafin Turai kai tsaye suke ruɗuwa. A Jamus zafin ƙasa a zurfin mita biyu yana kai-kawo kusa da digiri 10. Iskar bazara mai digiri 30 tana iya fitowa ƙasa da 20, iskar hunturu da ta yi ƙasa da sifili kuma ta fito sama da shi. Matsakaicin zafin Kano na shekara kuwa kimanin digiri 26 ne, na Sakkwato kusan 28, na Yamai kusan 29, na Jos kusan 22. Ƙasar da ba ta da inuwa ko ciyawa takan ɗara matsakaicin iska da digiri biyu ko uku. Saboda haka wanda ya binne bututu a Kano ya sa ran ƙasa mai digiri 27 zuwa 30, wanda ke Yamai ya ƙara a kan haka. Iska mai digiri 41 da ta sauko zuwa 32 sauƙi ne babba ga wanda ke cikin ɗaki, amma ba ta kama ƙafar digiri 24 da iyakwandishan ke bayarwa ba, kuma duk wanda ya yi alkawarin za ta kai can bai auna ƙasa ba.

Jinkirin nan na wata biyu yana taimakon yankin Sahel. A Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, ƙasar da ke mita uku tana riƙe da sauran sanyin Janairu da Fabrairu.

Aunawa ba ta da tsada, kuma ita ya kamata a fara yi. A huda rami siriri, a zura ma'aunin zafi mai doguwar waya a zurfin mita ɗaya, biyu da uku, a mayar da ƙasa a danne, a bar shi mako biyu ya daidaita, sannan a riƙa karantawa, musamman daga Maris zuwa Mayu. In hakan bai samu ba, zafin ruwan rijiyar da ke kusa, wanda aka ɗebo aka auna nan take, yana ba da ƙiyasi na farko.

Lissafin bututu ɗaya

Ɗauki bututu mai faɗin santimita 20, wato mai inci takwas. In iska na tafiya cikinsa a mita 2.5 cikin daƙiƙa, zai ɗauki kubik mita 280 a awa. Wannan ya ishi mutum tara iskar numfashi mai tsabta, a kan kubik mita 30 ga kowane mutum. Bututu mai inci shida a irin wannan gudu yana ɗaukar kusan 160.

Sanyayar ba ta tafiya daidai da tsawo. A ƙasa mai matsakaicin danshi, kowace mita 20 tana rage kusan rabin tazarar da ta saura tsakanin zafin iska da na ƙasa. In iskar waje 41 ce, ƙasa kuma 29, tazarar 12 ce. Bayan mita 20 iskar ta sauko 35. Bayan mita 40 ta zama 32. Bayan 60 ta zama 30.5, bayan 80 kuma 29.75. Mita 20 na farko sun ba da digiri shida, na huɗu ba su ba da ko ɗaya cikakke ba, alhali kuɗin haƙa da na bututu ɗaya ne. Shi ya sa tsawon da aka fi amfani da shi mita 30 zuwa 50 ne. Mai buƙatar ƙarin iska ya jera bututu biyu ko uku, ya fi masa ya tsawaita guda ɗaya.

Kowane kubik mita na iska yana ɗaukar kimanin wat-awa 0.33 a kan kowane digiri. Kubik mita 280 da aka rage wa digiri tara sun zubar da kusan wat 830, da fanka mai cin wat 40 zuwa 60. Ƙaramin farantin sola da batir sun isa su riƙe irin wannan fanka. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya yana cire kusan wat 2,600, wato bututun ya yi kusan kashi ɗaya cikin uku na aikinsa.

Sai dai wannan lissafi yana da tarko a ciki, kuma shi ne ke jawo yawancin ƙorafi. Wat 830 ɗin an auna su ne da iskar waje. Ɗaki kuwa ba ya amfana sai da bambancin da ke tsakanin iskar bututu da iskar cikinsa. In cikin ɗakin 35 ne, iskar na shigowa a 32, digiri uku kawai ke aiki, wato wat 280. Mutum uku a zaune sun cinye wannan, domin jikin kowane mutum na fitar da kusan wat 100. Rufi ya fi mutane ɓarna nesa ba kusa ba. Rana tsaka tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, rufin ɗaki mai mita huɗu da huɗu yana karɓar wat 16,000 ke nan. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya ratso kwanon da ba shi da silin, ya kai wat 1,600, ya ninka abin da bututun ke cirewa fiye da sau biyar. A ra'ayina, kuɗin farko na silin ne da abin tare zafi a bisansa, da inuwa a tagogin gabas da yamma, da farin fenti a rufi. Bututu na zuwa bayan waɗannan. A ginin da aka tsare haka, musamman mai bango mai kauri irin na ƙasa ko na tubalin da aka matse, yana yin aiki sosai. A ɗakin kwano tsirara kuwa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Inda ya fi dacewa shi ne wuraren da dole a shigo da iskar waje da yawa: aji, ɗakin jinya, ofis mai cunkoso, gidan kaji, rumfar reno ta shuke-shuke. Aji mai ɗalibai 40 yana son kusan kubik mita 1,200 a awa, bututu huɗu ko biyar ke nan. A ginin da ke da iyakwandishan ma yana rage nauyi, tunda na'urar za ta karɓi iska mai 32 maimakon mai 41.

Gudun iska abin lura ne. In aka ninka gudun, turjiyar bututu ta ninka sau huɗu, wutar da fanka ke ci kuma kusan sau takwas. Gwajin da Girja Sharan ya jagoranta a Ahmedabad ta Indiya, gari mai zafi da bushewa irin na Sahel, ya nuna wannan a fili. Bututun ƙarfe ne mai faɗin santimita 10 da tsawon mita 50, a zurfin mita uku, inda zafin ƙasa ya kai 26.6. Ya rage wa iskar watan Mayu har digiri 14, ya kuma ƙara wa iskar daren Janairu kwatankwacin haka. Amma iskar na gudun mita 11 a daƙiƙa, da injin hura iska mai wat 400, sai sanyin da aka samu ya ninka wutar da aka ci sau 3.3 kacal. Yawan iskar kusan ɗaya ne da na misalinmu. Bututu mai faɗi da iska mai tafiya a hankali, tsakanin mita biyu da uku a daƙiƙa, sun fi riba.

Rami da shimfiɗa

Irin ƙasar ya fi irin bututun tasiri. Busasshen rairayi yana wuce da zafi da kyar, kimanin wat 0.3 a kan kowace mita da kowane digiri. Laka mai danshi tana kai wa 1.5, rairayi mai jiƙe da ruwa ya haura 2. A jigawa mai bushewa bututu yana saurin ɗumama ƙasar da ke manne da shi, aikinsa ya ragu cikin 'yan awanni. Maganin shi ne a ƙara zurfi, a kuma lulluɓe bututun da ƙasa mai laka da aka tankaɗe, kauri santimita 20 zuwa 30 ta kowane gefe. A fadama matsalar ta juye: ƙasa na aiki da kyau, amma ruwan ƙasa yana tasowa da damina, ya nemi kowace kafa ya shiga, har ya ɗaga bututun da babu komai cikinsa sai iska.

Saman wurin ma yana da tasiri. Ciyawa, inuwar gini ko shimfiɗar kara suna rage zafin da ke shiga ƙasa. Kwalta ko siminti a fili cikin rana suna ƙara shi. Sai dai a nisanta da gindin itace aƙalla mita biyu saboda saiwa, a kuma bar mita ɗaya zuwa biyu tsakanin rami da harsashin gini.

Bututun ya kasance mai santsi a ciki. Roba irin ta PVC, polifirofilin ko polietilin duk suna yi, haka ma kankare a manyan gine-gine. Kaurin roba ba ya hana zafi wucewa sosai, tunda ƙasa ce ke jan ƙafa. Abin nema shi ne ƙarfin ɗaukar nauyin ƙasa: bututun da aka yi domin binnewa, mai alamar SN4, ko SN8 in mota za ta bi ta kai. Siririn bututun saukar da ruwan rufi yana lotsewa a mita uku. Mai tudu da kwari a ciki kuwa yana tara ruwa da ƙura a kowane lungu, kuma ba ya wankuwa.

Gangara ta zama santimita biyu a kowace mita, ba tare da wani wuri ya lotsa a tsakiya ba. A tsawon mita 40 wannan santimita 80 ne, wato in an fara a zurfin 2.2 za a ƙare a 3. A daidaita gindin ramin da igiya da tiyon awo, a zuba ƙasa mai laushi marar dutse santimita 10, a danne, sannan a ɗora bututu. A wuri mafi zurfi a yi ramin tara ruwa mai rufaffen gindi da murfi, wanda za a iya zuƙe shi da ƙaramin famfo. In layin zai karya kwana, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai 90, saboda iska da kuma sandar wanki. In bututu da yawa ne, a bar mita ɗaya tsakaninsu, in ba haka ba kowanne zai riƙa ɗumama ƙasar ɗan'uwansa. A kuma tsara su yadda tafiyar iska ta kowane layi za ta zama tsawo ɗaya, domin iska tana bin hanya mafi sauƙi ta bar sauran.

Kafin a mayar da ƙasa, a toshe bakin biyu a gwada mahaɗa da matsin iska ko da ruwa. Yoyon da aka gano yau na minti goma ne, wanda aka gano bayan binnewa sai an sake haƙa. A zura igiyar nailan daga baki zuwa baki a bar ta a ciki domin jan tsumman wanki nan gaba. Ana mayar da ƙasa ne hawa-hawa, santimita 20 zuwa 30, ana dannewa, saboda duk gurbin iska da ya rage a jikin bututu yana tare zafi.

Ramin kansa yana kisa, kuma ba a faɗin wannan yadda ya kamata. Kubik mita ɗaya na ƙasa ya kai tan ɗaya da rabi. A Jamus ƙa'ida ba ta yarda a shiga rami mai miƙaƙƙen bango da ya wuce mita 1.25 ba sai an tokare shi ko an kwantar da gefensa. Ramin mita uku a rairayi yana iya ruftawa ba tare da wata alama ba. A tokare bango da katako, ko a yi shi matakala-matakala, a tara ƙasar da aka fitar nesa da baki, a ajiye tsani kusa, kuma kada lebura ya sauka shi kaɗai. Aikin rani ne, ba na damina ba. Rami mai tsawon mita 40, faɗin santimita 80 da zurfin mita uku yana fitar da kusan kubik mita 96 na ƙasa, kafin a ƙara na matakala. Yawancin kuɗin aikin nan yake tafiya, shi ya sa ya fi araha a yi shi lokacin da ake haƙar harsashin sabon gini.

Bakin shaƙar iska

A ɗaga shi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa, a inuwa, da hula mai hana ruwan sama, da raga mai ƙarfi ta hana ɓera da ƙadangare, da ragar sauro a bayanta, sannan matata mai kama ƙura. Duk abin da ke kusa da wannan baki zai shiga ɗaki. A nisanta shi da masai da sokawe, da wurin ajiye mota, da murhu, musamman kuma da janareta. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari, kuma bututun zai kai ta ɗakin barci kai tsaye.

Fanka ta zama irin mai tura iska cikin bututu, wadda ke jure turjiya. Fankar bango ta ban-ɗaki tana juyawa amma ba ta iya tura iska mita 40. Kuma dole iskar da ta shiga ta sami mafita, a saman bango ko a silin. Ɗakin da aka rufe ruf ba ya karɓar sabuwar iska.

Abubuwan da ke ɓata aikin

Ruwa ne na ɗaya. A Turai yana fitowa daga raɓa: iskar bazara mai ɗumi da laima tana taɓa bututu mai digiri 12, laimar ta zama ɗigo. In gangara ba ta yi ba, ruwan ya kwanta, ƙura ta haɗu da shi, fumfuna ta tsiro, gida ya ɗauki warin ruma, masu asma su fara shan wahala. Wannan ne ya sa da yawa a Jamus suka koma binne siririn tiyo mai faɗin milimita 32 da ruwa ke zagayawa cikinsa, sai ruwan ya yi musayar zafi da iska a wani akwati cikin gida, iskar numfashi ba ta taɓa shiga ƙasa ba. A Sahel raɓar cikin bututu ba ta da yawa, domin ƙasa mai digiri 28 ta fi ɗumin da laimar damina ke zama ruwa a kansa. Ruwan da ke shiga a nan na yoyon mahaɗa ne da ambaliya, sai kuma ƙurar hunturu da ke toshe matata cikin 'yan makonni.

Wasu kan huda gindin bututu, ko su sa mai ramuka, wai ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ta ramukan nan ruwan ƙasa ke shigowa, da gara, da saiwa, da iskar radon. Radon iska ce mai tiriri da ke fita daga ƙasa da duwatsu, ta fi yawa a inda akwai dutsen giranait, ba ta da launi ba ta da wari, kuma ita ce ke bin taba sigari a jerin abubuwan da ke jawo sankarar huhu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ta wuce bekarel 100 (ma'aunin da ake auna ta da shi) a kubik mita na iskar gida. Kariyar ita ce mahaɗa mai zoben roba da ba ta yoyo. In fanka tana bakin shiga tana tura iska, matsin cikin bututu ya fi na ƙasa, duk yoyon da ya samu waje zai yi. In tana bakin fita tana zuƙowa, iskar ƙasa za ta janyo ta kowace kafa.

Ƙasa ma tana ƙoshi. Bututun da ke aiki dare da rana cikin bazara yana ɗumama ƙasar da ke kewaye da shi, sai iskar ta fara fitowa da ɗumi fiye da na makon farko. Tana buƙatar hutu. Da dare, in iskar waje ta fi ƙasa sanyi, babu dalilin bi da ita ta bututu zuwa ɗaki, don zai ɗumama ta ne. Shi ya sa ake yin hanyar ratse mai murfi, wadda ke shigo da iskar waje kai tsaye. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a waje ɗaya a bakin bututu, sun isa su nuna lokacin juya murfin. Wasu kan bar ƙaramar fanka ta hura sanyin dare cikin bututun ta fitar waje, domin ƙasar ta huce kafin gobe. Da hunturu lissafin ya juye: iskar asuba mai digiri 13 a Kano za ta fito sama da 20.

A garuruwan bakin teku irin Legas da Akra dabarar ba ta da wani amfani. Zafin rana ba ya nisa da matsakaicin shekara, tazarar da bututu zai yi aiki a kanta digiri huɗu ce ko biyar, kuma abin da ke damun mutane can laima ce. Bututun ba ya cire ta. Iskar da aka sanyaya ba tare da cire ruwanta ba ma ƙara jiƙewa take yi a jiki. Haka abin yake a arewa cikin Agusta, lokacin da fankar sama ta fi bututu amfani.

Kulawar bututun ba ta da yawa amma ba a tsallake ta. A duba matata duk wata, duk mako biyu in hunturu ya yi ƙura. A leƙa ramin tara ruwa bayan kowane babban ruwan sama, in an ga ruwa mai laka to akwai mahaɗar da ta buɗe. Sau ɗaya a shekara, kafin bazara, a ja tsumma da igiyar nan ko a wanke da tiyo daga sama zuwa gangare, a zuƙe ruwan, a bar fanka tana aiki kwana ɗaya da bakin cikin gida a karkace zuwa waje har bututun ya bushe. A riƙa rubuta zafin shiga da na fita sau ɗaya a mako a lokaci guda na yini. In tazarar ta ragu alhali iskar na fitowa da ƙarfi, ƙasa ce ta ƙoshi ko ta bushe. In iskar ce ta yi rauni, a fara da matata, sannan raga, kafin a zargi fanka.